Ɗana ba ya ganin abu sai ya kwance shi

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a gidan haya. Babban namiji ne, shekararsa 8. Yaron nan ba ya ganin abu sai ya kwance shi. Ya kwance tocila biyu, ya ɓalle rimot, makon jiya kuma ya buɗe rediyon babansa wai yana son ya ga inda murya take fitowa. Babansa ya zane shi, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wani gwangwani da murfin kwalba da tsohon silifas sai ya kwaso ya tara a ƙarƙashin gado. Malamarsa ta ce ba ya mai da hankali a aji, sai zanen mota a bayan littafi. Ƙanwarsa mai shekara 5 ita kuma ta cika mana bango da zanen gawayi, har mai gidan da muke haya ya yi magana. Autan yana rarrafe, komai ya samu sai baki. Ni dai zuciyata tana gaya mini akwai wata baiwa a tare da yaran nan, amma ina tsoron kada in ɗaure musu gindi su lalace. Ba mu da kuɗin sayen kayan wasa masu tsada. Don Allah a ba ni shawara.

Wata uwa daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Abin da zuciyarki take gaya miki gaskiya ne. Fushin babansa ma yana da dalili, domin rediyo kuɗi aka sa aka saya, kuma yaron da ya saba taɓa kayan mutane ba izini yana bukatar gyara. Sai dai abubuwa biyu ne suka cakuɗe a nan, aikinki kuma shi ne ki raba su. Akwai son sanin yadda abu yake aiki, wannan a raya shi. Akwai ɗaukar abin da ba nasa ba, wannan a hana. Idan aka doke shi a kan duka biyun a haɗe, da wuya ya daina kwance-kwancen. Zai koma yi a ɓoye, kuma a ɓoyen ne yaro yake zura ƙusa a soket ko ya fasa batirin waya, babu babban da zai ce masa kul.

Yaro mai irin wannan hali ba ya jiran a koya masa ƙirƙira, yana yin ta tun tuni. Abin da ya rasa shi ne wurinsa, kayansa, lokacinsa, da babban da zai iya zama kusa ba tare da ya karɓe aikin ba. Uku na farko ba su da tsada. Na huɗun ne mai wuya.

Ki fara da tarin da ke ƙarƙashin gado. Kada ki zubar. Ki samo babban kwali mai murfi, ku zauna tare ku wanke kayan da sabulu, ku shanya, ku zuba ciki, ya rubuta sunansa a jiki. Gwangwanayen da aka buɗe da wuƙa ki danne bakinsu da filaya ko ki bubbuge da dutse, saboda wannan bakin shi ne yake tsage yatsa. Ki ƙara masa kara, zare, robar ɗaure kuɗi, bututun biron da ya ƙare, tsinken tsire da kwalaye. Abin da za a saya bai fi biyar ba: sukudireba biyu, ɗaya mai bakin tauraro ɗaya mai shimfiɗaɗɗen baki, ƙaramar filaya, almakashi marar tsini da salatif. Reza ba ta shiga kwalin nan. Yara suna son ta wajen yanka tayar silifas, tana kuma saurin ji musu rauni a wannan wasa. Shi ya zana da'irar tayar da biro, ke ko babansa ku yanke masa. Ki duba katin rigakafinsa ma, ki tabbata ya kammala alluransa, tunda zai riƙa hulɗa da ƙarfe mai tsatsa. Kwalin ya zauna a saman kwaba ko wani wuri mai tsayi, kuma duk ranar da aka sauke shi, autan yana goye ko yana wani ɗaki. Sukurori, murafun kwalba da ƙananan maganaɗisu su ne irin abin da mai rarrafe yake haɗiyewa.

Doka uku sun isa, a faɗe su a gabansa da babansa: ba ya kwance abu sai wanda babba ya miƙa masa da hannunsa, ba ya kusantar duk abin da ke haɗe da wutar lantarki, idan ya gama, komai ya koma kwali, ya share wurin, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Idan dokokin suka yi yawa zai manta su, ke ma za ki gaji da tsare su.

Daga nan sai ki nemo masa matattun kaya. Mai gyaran rediyo na unguwa da 'yan gwangwan suna da tarin abin da ya mutu murus: tsohuwar rediyo mai batir, rakoda mai kaset, agogon bango, rimot, motar wasan da ta lalace, kwaɗo, famfon da aka cire. Ɗaya a wata ya wadatar. Kafin abu ya isa hannunsa, babba ya cire batir, ya kuma datse wayar da ake sawa a soket tun daga gindinta ya jefar, don kada wata rana ya ce bari ya gwada ko ta tashi.

Akwai abubuwan da ba a ba yaro ko da sun mutu, kuma gara ki san dalili don ki iya yi masa bayani. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, injin ɗumama abinci, inbata da sitabilaiza suna da sassan da ke riƙe wuta bayan an cire su daga soket, suna iya jan mutum. Batirin waya da na abin cajin waya na tafi-da-gidanka yana kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka lanƙwasa. Ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen gilashi da dogon nan na fulorasan suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke fita idan sun fashe. Batirin mota da na babur akwai ruwan batir da dalma a ciki, kuma yawancin tocilolin caji masu arha suna da ƙaramin irinsa, don haka babba ne zai fara buɗe tocila ya cire shi. Kada a bar yaro ya narka dalma ko ya yi wasa da ita. Gubarta tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma ba a mance da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400.

Wanda ya fi ba mu tsoro a gida mai mai rarrafe shi ne batirin nan zagayayye mai kama da maɓalli, na agogo da rimot ɗin mota da wasu kayan wasa. Idan ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙone naman wurin cikin awa 2. Idan kika yi zargin an haɗiye shi, a tafi asibiti nan take ko da yaron yana wasansa, kada a sa shi amai. Yaron da ya haura shekara 1 ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10 a kan hanya. Idan autanki bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma, asibiti kawai.

Kwancewa ma tana da tsari, kuma tsarin ne yake mai da ita ilimi. Ya shimfiɗa tsohon buhu ko faranti. Sukurori ya jera su a kwalin ƙwai bi da bi, na farko a rami na farko. Kafin ya cire kowane sashe, ya zana yadda yake zaune, ko ki ɗauka masa hoto da wayarki. Idan sukuru ya ƙi juyawa, yawanci sukudireban ne bai dace da kansa ba, ko ba a danna sosai ba, kuma idan aka ci gaba da murzawa kan zai cinye ya ƙi fita har abada. Idan murfi ya ƙi buɗewa bayan an cire duk sukurorin da ake gani, akwai wani a ɓoye ƙarƙashin takardar da aka manna ko cikin gidan batir. Idan ya gama, ki ce ya mayar yadda yake. Karon farko ba zai iya ba, za a sami ragowar sukurori uku ko huɗu a faranti. Da haka zai gane amfanin zanen da ya yi.

Tunda mota ce a ransa, ga abin da zai ci karo da shi idan ya fara ƙera ta da kwali. Muna gaya miki ne don ki san tambayar da za ki yi masa, kada ki gyara masa. Tayar da ta ƙi juyawa, sandarta ce ta matse a jikin kwali. Maganinta a zura tsinken da ya zama sandar cikin bututun biro, a manne bututun a ƙarƙashin motar, tsinken ya riƙa juyawa a ciki. Motar da take karkacewa gefe ɗaya, sandar gaba da ta baya ne ba su daidaita ba, sai a auna tazararsu hagu da dama da rula. Tayar da take tsalle, ramin ne bai zauna a tsakiya ba. A zana tayar a takarda, a yanke, a ninka biyu, a sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Idan ya samu ɗan injin da ke cikin rakoda ko motar wasa, batir biyu na tocila masu bolt 1.5 a jere, kan wannan a gindin wancan, za su juya yawancinsu. Zai manna taya kai tsaye a bakin injin, ya ga tana gudu a sama amma da ya ajiye a ƙasa sai ta tsaya. Injin yana da sauri amma ba shi da ƙarfin ja. Idan ya ɗaura roba daga siririn bakin injin zuwa wata babbar da'ira a kan sandar taya, saurin zai ragu, ƙarfin ya ƙaru, motar ta tafi. Idan ta yi baya maimakon gaba, a musanya wayoyin biyu. Farin ƙwan da ya ciro daga matacciyar tocila zai kama da batir biyun nan, amma ta fuska ɗaya kawai yake karɓar wuta, idan ya ƙi sai a juya ƙafafunsa. Abu ɗaya da za ki faɗa masa tun farko ba tare da jira ba: idan waya guda ta haɗa kan batir da gindinsa ba komai a tsakani, za ta yi zafi ta ƙone shi. Da ya ji ɗumi ya raba su.

Yanzu ga mai wuyar. Za ki gan shi yana fama da tayar da ta ƙi juyawa, kin kuma san maganin, hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ki daure. Ki bar shi ya yi minti 10 yana gwadawa. Idan ya kawo miki ƙara, ki tambaye shi: “Me kake gani ya riƙe ta?” ko “Me ka gwada zuwa yanzu?” Idan ya kusa kuka, ki ba shi rabin amsa, kamar ki nuna masa wurin ki ce ya duba nan da kyau. Yaron da ake gyara wa kullum yana koyon kawo matsala wurin babba, wanda aka bari ya ɗan sha wuya yana koyon cewa abu yana ƙi sau biyar ya yi a na shida. Haka kuma kada ki nuna masa yadda ake amfani da kowane sabon abu kafin ya taɓa. Da an ce masa ga abin da ake yi da wannan, sai ya tsaya a nan.

Yabo ma yana da inda yake ɓata aiki. “Kai gwani ne, ba kamarka” yana da daɗin ji, amma yaron da ya saba jin haka yakan fara gudun abu mai wuya don kada sunan ya zube. Ki faɗi abin da kika gani da idonki: “Na ga ka canja sandar sau uku har ta daidaita.” Kada kuma ki riƙa yi masa alkawarin kuɗi ko alewa idan ya ƙera abu. A 1973 masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada wannan da 'yan nazare masu son zane. Wasu an yi musu alkawarin takardar yabo idan sun zana, wasu ba a yi musu ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu da aka ajiye kayan zane ba wata lada, waɗanda aka yi wa alkawarin sun zauna a kan zane kusan rabin lokacin da sauran suka zauna. Abin da suke yi don daɗi ya zama aikin biya. Ladar da ta dace da ɗanki ita ce sabon mataccen agogo, da wurin da za a ajiye motarsa baƙo ya gani.

Ita kuma ƙanwar, ba bangon take so ba, fili take so. Ƙaramar takarda tana matse ta. Ki samo falankin katako kamar mita 1 a faɗi, a shafa masa baƙin fentin allo, a jingina a bango a ɗaure shi don kada ya faɗo mata, ki saya mata alli. Idan babu halin wannan, a warware babban kwali a manna, ko bayan tsohuwar kalanda, ko simintin tsakar gida da alli, wanda ruwa yake wankewa. Ku wanke bangon tare da soso da ruwan sabulu, ba da faɗa ba, ki nuna mata cewa nan na mai gidan haya ne, can kuma nata ne.

Fenti yana cikin kicin ɗinki. Zoɓo cike da hannu a rabin kofin ruwan zafi yana ba da ja. Kurkum cokali 1 a ruwa kaɗan yana ba da rawaya, sai dai yana kama tufafi, ta sa tsohuwar riga. Dakakken gawayi baƙi, jar ƙasa da aka tankaɗe ruwan ƙasa, bula ta wanki shuɗi. Idan fentin ya bushe yana kakkaɓewa, babu abin da ya riƙe shi ne. Ki jiƙa ɗan ƙaro ya kwana, irin wanda ake sa wa tawadar allo, ki ɗiga a kowane launi. Burushi kuwa a tauna bakin asuwaki ko a ɗaure auduga a tsinke. Ki ba su ruwan zoɓo a murafu uku, su matsa lemun tsami a ɗaya, su ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, su bar na uku. Na lemun zai ƙara haske, na kanwar ya koma kore mai duhu. Kada ki faɗa musu abin da zai faru.

Yumɓu ya fi komai arha, ya kuma fi riƙe yaro. A ɗebo daga wuri mai tsabta, nesa da kwata da bola da wurin haƙar ma'adinai, ko a saya wurin masu ginin tukwane. A tsince tsakuwa, a jiƙa ya kwana, a cuɗa da yashi mai laushi kashi 1 cikin 4. Abin da aka gina yana tsagewa saboda dalili uku: an shanya a rana ya bushe da gaggawa, ko ya yi kauri fiye da babban yatsa, ko an liƙa hannu da ƙafa a bushe. A shanya a inuwa kwana 3 zuwa 5, kuma kafin a haɗa sassa biyu a kakkarce fuskokinsu da tsinke a shafa ruwan laka. Ranar da fulawa ta samu, gwangwanin madara 2 na fulawa, 1 na gishiri, man gyaɗa cokali 2, da ruwa kusan gwangwani 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan, suna ba da ƙulli mai laushi da zai yi kamar mako a rufaffiyar roba. Idan yana manne wa hannu a ƙara fulawa, idan yana farfashewa a ƙara ruwa. Gishirinsa ya yi yawa ƙwarai, kada autan ya kai baki. Gam kuma fulawa cokali 2 ce a kofin ruwan sanyi, a dama sannan a ɗora a wuta ana juyawa har ta yi kauri. Idan aka zuba ta a ruwan zafi kai tsaye gudaji za ta yi.

Idan ta kawo miki zane, kada ki ce “Mene ne wannan?”, domin a wurinta abin a bayyane yake, tambayar kuma tana gaya mata ta kasa. Ki ce, “Ba ni labarinsa.” Kada ki kama hannunta ki zana mata gida mai kyau ta kwaikwaya, kada kuma ki gyara mata don ta yi wa akuya ƙafa shida ko ta shafa wa sama ja. A shekarunta haka zane yake, kamanni yana zuwa da kansa daga baya. Ki rubuta kwanan wata a bayan wasu ki adana. Sannan sukudireban nan ba na yayanta ba ne shi kaɗai. Ki bar ta ta kwance kwaɗo, shi ma ya taɓa yumɓu da allura da zare.

Wataƙila wani a gida ko a Islamiyya ya yi magana a kan zanen abu mai rai. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, da yawansu kuma sun yi sauƙi a kan kayan wasan yara, saboda ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yartsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Idan gidanku ya zaɓi kaucewa, ƙofa ba ta rufe ba: ga zayyana, ga dagi, ga zanen hula da na lalle, ga adon bangon gidajen da ke cikin birnin Zariya, ga bishiyoyi da motoci da taswirar unguwa. Abin da ba ma so shi ne a tsorata yarinya mai shekara 5 har ta ji hannunta abin zargi ne.

Da dare kuma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Ki ɗauko tatsuniya, ki kai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, sai ki tsaya ki ce su fitar da shi. Kowa ya kawo tasa dabarar, kada ki ce ba haka take ba. Wata rana su ne za su ce ga ta nan ga ta nanku, ke ki ce ta zo mu ji ta. Su ƙirƙiro kacici-kacici a kan kayan ɗaki, ke ki yi ta canka.

Lokaci shi ne abin da yaranmu suka fi rasa. Boko da safe, Islamiyya da yamma, aikin gida da dare, wani ma har da lasin. Ki ware minti 45 zuwa awa 1 a rana wanda ba aike, ba waya, ba talabijin. Alhamis da Juma'a da yamma, tunda yawancin Islamiyyu ba sa zama, a bar su su yi awa 2. Aiki mai zurfi ba ya farawa sai yaro ya ɗan ɗauki lokaci yana jujjuya kaya, don haka kada ki katse shi da aike da zarar kin ga ya yi shiru. Idan za a tashi, ki ba shi sanarwar minti 5, kuma aikin da bai ƙare ba a ajiye shi yadda yake. Idan suka ce sun gaji da zama, kada ki miƙa waya, ki nuna musu kwali ki ci gaba da aikinki. Za su yi ƙorafi, sannan su samo abin yi. Idan yana son kallon yadda ake ƙera wani abu a waya, ku kalla tare sau ɗaya, a kashe, ya yi daga abin da ya riƙe. Inda ya manta, nan zai sa nasa.

Maganar malama kada ki yi wasa da ita. Ki saya masa littafi guda na zane kaɗai, ku yi yarjejeniya cewa littattafan makaranta na makaranta ne. A wannan littafin, kowace mota ya rubuta sunayen sassanta, tsawonta da faɗinta da santimita, yawan murafun da ta ci, da abin da ya ƙi yi. Rubutu da lissafi ke nan sun shigo ta ƙofar da yake so. Ki je ki ga malamar, ki tambaye ta a wane darasi yake zanen, a ina yake zama. Idan a kowane darasi ne, ko yana kasa karanta gajerun kalmomi a shekara 8, a duba idonsa da kunnensa a asibiti, domin yaron da ba ya ganin allo ko ba ya jin malama yakan koma bayan littafi. Kada a ce an kulle kwali sai ya zo na ɗaya a aji. A ce dai aikin gida kafin kwali.

Maigida kuma ki same shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban yara ba. Ki fara da yarda cewa an yi masa ɓarna, yaron ya ba shi haƙuri, su kai rediyon wurin mai gyara tare, ya tsaya ya ga yadda ake mayar da abin da ya ɓata. Ki roƙe shi ya zama shi ne zai miƙa masa sukudireban ya faɗi dokokin, don yaron ya san izinin daga babansa ya fito. Idan akwai mai gyara ko kafinta da kuka sani kuka amince da halinsa, babansa ya riƙa kai shi ranar Asabar na awa 1, yana wurin ko wani babba na gida yana wurin.

Akwai aikin da zai haɗa su su biyu. Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a Jigawa, ya kuma taso a gidan masu ginin tukwane, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan miya ba lantarki, inda yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Su samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ƙarama ta shige babba da tazarar yatsu biyu. A toshe duk wani rami, a zuba yashi a gindin babbar har bakunansu su daidaita, a cika tsakanin da yashi, a jiƙa shi sosai, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa. Ana ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ta fi aiki da rani da hunturu, da damina kuwa sanyinta kaɗan ne. Yaron ya sa tumatir 3 a ciki, 3 a waje, ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana.

Ki sa ran makonnin farko gidan zai ɗan ƙara datti, kuma zai karya doka aƙalla sau ɗaya. Ranar da ya taɓa abin da ba a ba shi ba, a rufe kwali kwana 2, ya ba mai abin haƙuri, ya taimaka wajen gyara, a kwana na uku a buɗe ba gori. Yana iya barin mota bayan wata biyu ya koma jirgin kara ko ɗinki, wannan ba komai, ki bi shi da kayan da sabon aikin yake bukata. Abin da zai sa ku nemi likitan yara daban ne: idan yana farfasa kaya cikin fushi ba don ya ga cikinsu ba, ko yana wasa da wuta a kai a kai bayan an hana, ko yana cutar da dabbobi da ƙannensa da gangan.